Yaro Ya Haɗiye Batirin Agogo ko Maganaɗisu: Tambayoyin Iyaye a Maradi

Gidan da aka raini yara ba ya rasa labarin haɗiye kuɗi. Yaro ya jefa dala biyar a baki ta wuce, uwa ta ɗora hannu a ka, kaka ta ce a bar kuka, a ba shi tuwo ya danna, gobe ko jibi za a gan ta a fo. Sau da dama kuma maganar kaka ce ke tabbata. To wannan sabo ne ke ja mana asara ranar da abin da ya wuce ba kuɗi ba ne, ɗan batirin agogo ne ko maganaɗisu. A ido kamar kuɗi suke, amma a cikin jikin yaro ko hanya ba su haɗa ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye suka fi yi idan zancen ya taso, a gidan suna ko a layin awo.

Wane irin batiri ake magana? Pil ɗin cocila ne?

A'a, ba dogon pil na cocila ko na rediyo ba. Ɗan kewayayyen nan ne mai ƙyalli kamar maɓallin riga. Iri biyu suka fi yawa a gidajenmu. Akwai ƙanana masu ɗan kauri, irin su LR44 da LR41, masu volt 1.5, waɗanda ke cikin agogon hannu, carbin lantarki na yatsa, abin awon zafin jiki da kayan wasa masu wuta. Akwai kuma masu faɗi na litiyam, irin su CR2032, CR2025 da CR2016, masu volt 3. Lambar da ke jikinsa girmansa take faɗa: CR2032 faɗinsa milimita 20 ne, kaurinsa 3.2. Ya ɗan gaza dala goma faɗi, kuma farinsu ɗaya. Shi ne a makullin mota, a ƙananan rimot, a na'urar awon suga ta Alhaji, a ma'aunin nauyi na tsayawa a kai.

Duka suna da haɗari, amma mai faɗin ya fi kisa. Ƙarfinsa ya ninka na ƙaramin, kuma girmansa ya yi daidai da maƙoshin yaro ɗan ƙasa da shekara 5: yana shiga, ba ya wucewa.

Ai ɗan mitsitsin abu ne. Me zai yi wa yaro wanda kuɗi ba su yi ba?

Yawancin mutane suna zaton fashewa yake yi a ciki ya zubar da guba. Ba sai ya fashe ba. Idan ya maƙale a hanyar abinci, wato bututun da ke sauka daga maƙogwaro zuwa tumbi, yawu ya jiƙa fuskokinsa biyu, sai wuta ta fara gudana kamar an sa shi a agogo. Wutar nan tana taɓa ruwan da ke jikin naman wurin, ta mayar da shi sinadari mai cin nama, ɗan'uwan sodar da mata ke haɗa sabulu da ita. Duk wadda soda ta taɓa ɗiga mata a hannu ta san ba ƙuna irin ta wuta take yi ba, narkar da fata take yi tana shiga ciki.

Na taɓa gwadawa don in gani da idona. Na tsaga tsokar naman rago, na yayyafa mata ɗan ruwan gishiri, na cusa sabon CR2032 a tsakiya, na kife kwano a kai. Kafin rabin awa kumfa ta fara tsattsafowa a gefen batirin. Bayan awa biyu da na buɗe, sai ga zobe baƙi a jikin naman, daidai girman batirin, wurin ya yi laushi kamar an dafa. Batirin kuwa bai fashe ba, bai tsage ba.

Awa biyun nan ba ni na ƙirƙiro ta ba. Likitoci sun tabbatar cewa cikin awa biyu batiri na iya yin mummunar ƙuna a hanyar abinci. Kuma wannan bututu ba shi kaɗai yake a ƙirji ba. A gabansa akwai hanyar numfashi, a gefensa akwai babbar jijiyar jini da ke fitowa daga zuciya. Idan ƙunar ta huda zuwa hanyar numfashi, abinci da yawu su riƙa shiga huhu. Idan ta huda jijiyar, yaro ya yi aman jini, kuma ba kasafai ake tsira daga wannan ba.

Batirin ya riga ya mutu, shi ya sa na cire shi na ajiye. Shi ma?

Shi ma. Batirin da ya kasa tada makullin mota bai ƙare ba, ƙarfinsa ne ya ragu. Ragowar ta isa ta ƙona naman yaro, sai dai ta ɗan fi jinkiri. Kuma tsohon batiri ne ya fi yawo a ƙasa, domin sabo ana lallaɓa shi, tsoho kuwa a kan tabarma ko bakin taga ake yar da shi.

Ban ga lokacin da ya haɗiya ba. Ta yaya zan gane?

Nan ne wahalar take, domin alamomin ba su da wata fuska tasu ta daban. Yaro ya riƙa dalalar da yawu, ya ƙi nono ko abinci, ko ya karɓa ya mayar. Wani ya yi tari, wani muryarsa ta dishe ko numfashinsa ya riƙa ƙara, wani ya riƙa nuna wuya ko ƙirji yana kuka. Daga baya zazzaɓi ya shigo. Uwa ta ce haƙori ne, maƙwabciya ta ce mura ce, kaka ta ce belu ne a kira wanzami, mai kemis ya ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. Kwana uku su wuce a haka.

Abin da ya kamata ya ɗaga miki hankali shi ne zuwan abin farat ɗaya. Yaron da da safe ya sha kokonsa lafiya lau, da rana ya kasa haɗiye yawu, ba mura ba ce. Ki tashi ki duba gida: akwai rimot da murfinsa ya buɗe? Akwai abin wasa da ya daina wuta? Carbin yatsa ya ɓare? Ki tambayi yayyensa da lallashi, ba da bulala ba, domin yaron da ke tsoron duka ba zai ce shi ya ba ƙanensa ba.

Wani yaron kuma ba ya nuna komai a awannin farko. Yana wasa, yana dariya, batirin na cin naman. Idan batiri ya ɓace kuma yaro na wurin, a ɗauka ya haɗiya har sai hoto ya ce a'a. Baƙin kashi kamar kwalta ko jini a amai, ko ɗigo ne, alama ce ta cewa abin ya yi nisa.

Na gan shi da idona, yanzun nan. Me zan yi?

Ki saɓa shi ki nufi asibiti, a kabu-kabu ko adaidaita, duk wanda ya fara tsayawa. Kada ki jira maigida ya dawo daga kasuwa, a kira shi a waya ya same ku can. Maigidan da ke karanta wannan, ka ba da izinin nan tun yau, kada wata rana a zauna jiranka.

Abu guda ne aka yarda a ba yaro a hanya, ita ce zuma. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna zuma na lulluɓe batirin ta rage saurin ƙunar, kuma cibiyar kula da guba da ke birnin Washington ta sa ta cikin ƙa'idojinta. Ga yadda ake yi: ƙaramin cokalin shayi biyu, wato mililita 10, kowane minti goma, har sau shida, ba ƙari. Sharuɗanta kuwa: yaron ya cika shekara ɗaya, haɗiyar ba ta wuce awa 12 ba, yana iya haɗiya, kuma ba ya aman jini. Jaririn da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma ko kaɗan, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai.

A fahimce ni da kyau: zuma ba magani ba ce, ba ta fitar da batiri, lokaci kawai take ɗan saya muku. Idan akwai ta a gida, a ɗauki kwalbar da cokali a riƙa ba shi a cikin adaidaita. Idan babu, kada a tsaya zagayen maƙwabta nemanta.

Idan akwai kwalin batirin, ko abin da ya fito daga ciki, ko wani batiri irinsa, a tafi da shi a nuna wa likita.

Me ya sa ba za a sa shi amai ba, ko a ba shi manja ko madara?

Amai ba ya fitar da batirin da ya maƙale. In ma ya motsa shi, yana iya tura shi hanyar numfashi, ko ya yaga naman da ya riga ya ƙone. Tura yatsa a maƙogwaro shi ma haka. Manja, man gyaɗa, madara, fura, ruwan gishiri, babu wanda ke kashe wutar batiri. Lomar tuwo ko ayaba don a danna shi ƙasa kuwa, cika cikin yaron kawai za ta yi, alhali likita na son cikin ba komai don a sa shi barci a yi aiki. Wanda ke son yin addu'a ko tofi ya yi a hanya, ba su hana juna.

Wane asibiti za mu? Mu a ƙauye muke.

Ana buƙatar inda ake ɗaukar hoton ƙirji, wanda muke kira radiyo, da inda ake iya sa yaro barci a ciro abin. A cikin gari, a wuce kai tsaye manyan asibitoci, babban asibitin jiha ko asibitin Referans, sashen gaggawa. Kada a bi layi. A gaya wa na bakin ƙofa da babbar murya: batiri ya haɗiya, ƙarfe kaza. Kalmar batiri ta fito fili, domin idan aka ce ya haɗiye wani abu, za a ɗauka kuɗi ne a ce a jira.

Na Madarumfa da Tibiri suna kusa, su taho kawai. Na wajen Tasawa ko Dakwaro, inda tafiyar ta haura kilomita 100, su fara da asibiti mafi kusa don a rubuta takardar turawa a nemi motar asibiti, amma kada a kwana can ana jiran gari ya waye. Ko dare ne a kama hanya. Tun 2006 Nijar ke da tsarin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati. Ko da za a ce a sayo wani abu, a tafi da abin da ke hannu, a nemi sauran ta waya. Zaman haɗa kuɗi kafin a tashi shi ne ke cinye awa biyun.

Me za a yi masa a can?

Hoto za a fara yi, daga wuya har ciki. A hoton gaba batiri na fitowa da zobe biyu, ɗaya cikin ɗaya, kuɗi kuwa fari ne bai ɗaya. A hoton gefe ana ganin ɗan tudu a jikinsa. Idan a hanyar abinci yake, ciro shi za a yi nan take, ta baki, da na'ura mai fitila, yaron na barci. Idan ya riga ya sauka tumbi kuma yaron lafiya, haɗarin ya ragu ƙwarai, likita na iya cewa a koma gida a riƙa duba kashi, a dawo a sake hoto. Amma hoto ne ke yanke wannan hukunci, ba kallon fuskar yaro ba.

An cire. Shi ke nan mun huta?

Ba tukuna ba, Hajiya. Sinadarin da ya shiga naman na ci gaba da aiki bayan an cire batirin. An sha samun yaran da jini ya ɓalle musu kwanaki, har makonni, bayan cirewa, suna gida ana ganin sun warke. Saboda haka idan likita ya ce a kwanta, a kwanta, in ya ce kunu kawai za a ba shi, kada kaka ta saci ido ta ba shi ƙuli-ƙuli don tausayi. Jini a amai ko yawu, baƙin kashi, zazzaɓi, tari duk lokacin da ya sha ruwa, kowanne daga ciki na nufin a koma a ranar. Bayan makonni ko watanni kuma tabon na iya tsuke hanyar, sai a ga yaro na shan ruwa amma tuwo ya gagare shi. Wannan ma ana gyarawa, amma sai an koma.

A hanci ya tura, ba haɗiya ya yi ba.

Ƙunar iri ɗaya ce. A hanci yana iya huda shingen da ya raba kafofin biyu, a kunne yana iya huda dodon kunne. Kada a ɗiga ruwa, mai ko magani, jiƙa shi ƙara masa wuta ne. Kada a sa tsinke. Asibiti, a ranar. Ruwa mai wari ko jini-jini da ke fita ta kafar hanci ɗaya kawai, a zargi wani abu na ciki.

Maganaɗisu fa? Ai shi ba wuta gare shi ba.

Ba wuta, amma tasa ɓarnar daban ce. Ba muna maganar baƙin mayen ƙarfen nan na tsohuwar sifikar rediyo ba, wanda muka ja ƙusoshi da shi muna yara. Na yanzu farare ne masu ƙyalli, na niyodimiyam, wani bai fi ƙwayar dawa ba, amma idan biyu suka kama fatar yatsa sai an ji zafi.

Hanji a naɗe yake a ciki, ninki a kan ninki. Yaro ya haɗiye ɗaya da safe, ɗaya da rana. Na farko ya yi gaba, na biyu na baya, kowanne a ninkinsa. Da sun zo kusa sai su jawo juna, su manne, bangon hanji biyu a tsakaninsu. Ba sa saki. Jini ya daina isa wurin da suka matse, naman ya mutu, ya huje, ƙazanta ta zuba cikin ciki, kamar hujin da taifot ke yi idan ta yi tsanani. Wani lokaci hanjin ya murɗe ko ya toshe. Maganaɗisu ɗaya da wani ƙarfe, kamar ƙusa ko batiri, su ma haka suke yi.

Alamominsa sun fi na batiri jinkiri, kuma sun fi ruɗarwa: ciwon ciki, amai, wani lokaci kore, kumburin ciki, zazzaɓi. Yaro na iya yin kwana ɗaya ko biyu ba komai. Idan aka zo da wuri, suna tumbi, ana iya ciro su ta baki. Idan aka makara, sai an tsaga ciki, wani lokaci a yanke wani sashe na hanjin. Zuma ba ta da amfani a nan, kada a ba da komai.

Ɗaya tak ya haɗiya. Sai mun je?

Wa ya ƙirga? Yaron ne ya ce ɗaya, ko ɗaya kika gani? Ko a hoto, biyu da suka manne na iya fitowa kamar guda, shi ya sa ake ɗauka ta gaba da ta gefe. A je a duba. Idan da gaske ɗaya ne, yawanci yana fita da kansa. Kafin ya fita a kwashe sauran daga gidan, a nisanta yaron da bel mai kan ƙarfe da maɓallan ƙarfe a wando. Kuma duk yaron da ake zargin akwai maganaɗisu a cikinsa, ba a sa shi cikin na'urar hoto ta IRM, wadda ita kanta da babban maganaɗisu take aiki.

Mu ba mu sayi maganaɗisu ba. Ina zai same shi?

Duba jakarki. Maƙallin jakar hannu da ke rufewa da kansa, maganaɗisu ne. Abin kama hijabi na yayi wanda ya maye gurbin fil, maganaɗisu biyu ne, kuma daidai bakin yaron da ke goye ko ke kan cinya suke. Akwai shi a ɗan kunnen mannawa, a rigar waya, a abin sauraro na kunne da ya fashe, a kayan ado na jikin firji da gam ɗinsu ya saki. Masu gyaran waya da rediyo suna zubar da tarkace a gaban shago, yara na tsinta.

Kuma ba ƴan rarrafe kaɗai ba ne. Ƴan makaranta na ɗora biyu a leɓe ko harshe, ɗaya ciki ɗaya waje, don a ce sun yi huji, sai a yi dariya su wuce. Irin waɗannan sun fi ɓoyewa don kunya. Gara a gaya musu dalili a fili, suna ganewa.

To kayan wasan Sallah fa, mu daina saya ke nan?

Ban ce a hana yaro tabaraunsa mai wuta ko agogon robarsa ba, Sallah ce. Amma kafin ka miƙa kuɗi, juya abin ka dubi murfin batirin. Idan da kusa mai murɗi aka ɗaure shi, da dama-dama. Idan da farce yake buɗewa, farcen yaro ma zai buɗe shi, in kuma ya faɗi a siminti batirai uku ne za su watse. Irin wannan ko a bar shi, ko a naɗe murfin da salatif mai ƙarfi, a riƙa dubawa, kuma ranar da ya fashe a raba yaro da shi.

A wasu ƙasashe doka ta shiga maganar. Ostiraliya ta tilasta murfi mai wuyar buɗewa daga 2022. A 2022 ɗin kuma Amurka ta kafa irin wannan doka, bayan rasuwar wata yarinya ƴar wata 18 a jihar Texas a 2020, wadda ta haɗiye batirin rimot. Kamfanin Duracell na shafa wa wasu batiransa abu mai ɗaci don yaro ya tofar. Kayan da ke zube a tire da baro a babbar kasuwa kuwa, yawancinsu ko suna ba su da shi, balle gargaɗi. Idon mai saye ne kawai.

Tsohon batiri, ina zan kai shi?

Da ka cire shi, ka naɗe shi da salatif ta fuska biyu, ka jefa a kwalba mai murfin murɗawa, ka ajiye inda ake kulle magani. Kada a jefa a murhu, yana iya fashewa. Kada a share shi da shara zuwa bola tsirara, can ma yara ne ke tono. Sababbi su zauna cikin kwalinsu, kuma ba a gwangwani ɗaya da ƙwayoyin magani ba, domin tsofaffi masu raunin gani sun sha haɗiye batirin na'urar ji a zaton magani ne.

Sai wata ɗabi'a ta manya: riƙe batiri a leɓe ana kiciniyar buɗe agogo, ko ɗana shi a harshe don a ji ko da saura. Yaro na zaune yana kallo. Masu gyaran agogo na bakin kasuwa kuma, ku ajiye gwangwani mai murfi a ƙarƙashin tebur, tsoffin da kuke cirewa su riƙa shiga can, ba cikin yashin da almajirai da ƴan talla ke zama ba.